Tarzoma Ko Yaƙi? Labarin Rawar Matan Gabas Ta 1929

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin Nijeriya ya san wani ɗan guntun babi da a ke kira Tarzomar Aba. Galibi ba ya wuce layi biyar ko shida. Wai a cikin 1929 matan Aba suka ji jita-jitar za a sa musu haraji, suka yi bore, suka farfasa kantuna, hukuma ta zo ta kwantar da ƙura. Yaro ya haddace, ya rubuta ran jarrabawa, ya ci maki, shi ke nan.

Amma matan da suka yi abin da kansu ba su kira shi da wannan suna ba. Ibo suna ce masa Ogu Umunwanyi, Ibibiyo kuwa suna ce masa Ekong Iban, ma'anar duka biyu ita ce Yaƙin Mata. Suna na farko a ofis aka raɗa shi, aka buga shi da tafireta, aka sa a fayil. Na biyun a dandalin ƙauye aka raɗa shi, aka adana shi cikin waƙa da rawa, uwa tana miƙa wa 'ya.

Ya ku malaman makaranta, da ku malaman ofis waɗanda suka yi aikin En'e ko suka gaji teburinta, wannan labari ya shafe mu ƙwarai. Mutumin da aka aika ƙidayar da ta ta da wutar malamin makaranta ne. Waɗanda mata suka fi kuka da su, bayan sarakuna, su ne akawunan kotu da masinjoji. Waɗanda suka zaɓi kalmar da za a sa a kan fayil kuma ma'aikatan ofis ne. Sabo da haka ya kamata mu bi maganar a tsanake tun daga tushenta.

YADDA AKA KAI TSARIN AREWA GABAS

Sa'ad da Lugga ya haɗa Arewa da Kudu a cikin 1914, ya so ya shimfiɗa wa ƙasar duka irin mulkin da ya tarar ya yi masa daɗi a Arewa, watau a bar sarki a kan gadonsa, da alƙalinsa, da baitulmalinsa, Bature yana daga baya yana lura. A ƙasar Hausa wannan bai yi wuya ba, domin da sarauta, da kuɗin ƙasa, da jangali duk sun girmi zuwan Turawa. A yawancin ƙasar Ibo da Ibibiyo kuwa ba haka abin ya ke ba. Babu sarkin yanka mai mulkin garuruwa. Kowane ƙauye shi ke yanke shawararsa a taron dattawa, da ƙungiyoyin tsara, da taron mata.

Da Turawa suka rasa sarkin da za su kama, sai suka riƙa zaɓen mutum guda a ƙauye, su ba shi takardar izni da hula, su zaunar da shi a kotun gargajiya. Waɗannan su ne za mu kira sarakunan takarda. Waɗansu mutanen kirki ne, waɗansu kuwa ba su da wani asali sai iya gaban Bature. Tun da ya ke ikonsu daga takarda ya fito, ba su jin tsoron taron ƙauye. Di'o ba ya jin harshen mutane, shari'a tana hannun tafinta da akawun kotu, cin hanci ya yi yawa.

Wajen 1926 aka ƙidaya maza a lardunan Gabas, ba a kuwa fito fili an gaya wa mutane dalili ba. A cikin 1928 aka fara karɓar haraji daga hannun maza. Jama'a suka riƙe wannan a zuci: ƙidaya ita ce gaba, haraji yana biye. A 1929 ciniki ya faɗi a duniya, kuɗin manja da na ƙwallonsa ya karye, kayan kanti kuwa ba su sauko ba. Mata su ke matse manja, su ke fasa ƙwallo, su ke cika kasuwa, sau da yawa ma su ke cika wa mazansu kuɗin harajin. Ga halin da a ke ciki ke nan.

KOTUN DA BA TA DA MAGATAKARDA

Kafin mu shiga abin da ya auku, dole mu san wata al'ada tasu, domin wanda bai san ta ba ba zai fahimci kome ba a cikin labarin. Matan ƙauye suna da taronsu. Akwai na matan da aka auro cikin garin, akwai na 'ya'yan gari mata waɗanda suka yi aure a waɗansu garuruwa, su ne umuada. Ta haka kowace mace tana da ƙafa a gari biyu, labari kuwa yana bin hanyar kasuwa daga wannan gari zuwa wancan cikin 'yan kwanaki. A ƙasar Ibibiyo ma akwai ƙungiyoyin mata irin su Ebre da Iban Isong, masu dokokinsu da raye-rayensu.

In namiji ya ci zalin matarsa, ko ya karya dokar kasuwa, ko ya bar dabbobinsa suka cinye amfanin gonar mata, aka yi masa magana ya ƙi ji, sai taron mata ya yanke a yi abin da su ke kira zama a kan mutum. Su yi ɗamara da guntun zane, su shafa gawayi ko toka a fuska, su ɗaure kai da ganye, su riƙe taɓarya ko sanda da aka naɗe da tohon ganyen kwakwa. Su kewaye gidansa, suna rawa, suna rera waƙoƙin da ke lissafa laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, suna yi masa ba'a mai zafi, suna dukan bangon ɗakinsa da taɓare. In ya kama su kwana nan su kwana. Ba su tashi sai ya fito ya amsa laifinsa ya yi alkawari. In ya yi taurin kai su yaɓe ɗakin da laka, ko su yaye jinkar. Sauran maza kuwa ba su sa baki, domin kowa ya san shi ya ja wa kansa.

To, jama'a, ku dubi wannan da idon basira. Akwai fili, akwai 'yan kallo, akwai shiga ta musamman wadda kowane ɓangarenta ya ke da ma'ana, akwai mai ba da waƙa da masu amshi. Ta wannan fuska wasan kwaikwayo ne cikakke. Ta wata fuskar kuma kotu ce, waƙar ita ce takardar ƙara, rawar ita ce sammaci. Har ila yau ita ce kundin shari'a, gama waƙar da aka yi wa azzalumi ba ta mutuwa ran da aka tashi daga ƙofar gidansa. Yara za su ɗauka, a rera ta a rafi da wurin daka shekara da shekaru. Mutanen da ba su da magatakarda ta haka su ke ajiye abin da ba su so a manta.

RAWAR 1925

A ƙarshen 1925 wani abu ya faru wanda ya kamata ya zama gargaɗi. Daga wajen Okigwi ƙungiyoyin mata suka fara tashi suna zuwa gidan sarkin takarda, su share masa tsakar gida da tsintsiya, su yi rawa, su rera masa saƙonsu, sa'an nan su ce matan garinsa su kai rawar gari na gaba. Sunan rawar Nwaobiala. Saƙon ya ƙunshi tsabtace gari, da sake buɗe tsofaffin hanyoyin kasuwa, da rage tsadar kuɗin aure, da ƙin kuɗin Turawa, da komawa ga al'adun iyaye. Cikin 'yan makonni ta ratsa garuruwa masu yawa a lardunan Owerri da Onitsha.

Ma'aikatan mulki suka rubuta rahoto a kan abin da suka kira motsin mata masu rawa, suka ɗauke shi camfi ne na 'yan ƙauye, aka rufe fayil. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da sharar ta ke nufi, ko yadda aka yi mata marasa waya, marasa mota suka isar da magana guda ga garuruwa da yawa haka. Rashin sani ya fi dare duhu. An aiko wa hukuma takardar koke, amma da ya ke da ƙafa aka rubuta ta, ba a sami mai karantawa ba.

ABIN DA YA AUKU A OLOKO

A cikin 1929 Kyaftin Cook, wanda ke riƙon ƙasar Bende, ya ga rajistar masu haraji ba ta cika ba, ya ba da umurni a sake ƙidaya, a haɗa da mata da yara da dabbobi. Shi a wurinsa gyaran littafi ne kawai. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Matan Oloko, wadda ke cikin Jihar Abiya ta yau, suka yi taro suka ƙulla cewa kowa ta yi shiru ta jira, in an taɓa mace guda da maganar ƙidaya, to, an taɓa su duka.

A cikin watan Nuwamba sarkin takarda na Oloko, Okugo, ya aiki wani malamin makarantar mishan, Mark Emeruwa, ya yi masa ƙidayar. Ya shiga wani gida ya tarar da wata mace, Nwanyeruwa, tana aikin manja. Ya ce ta lissafa masa awakinta da tumakinta da mutanen gida. Ta tambaye shi ko an taɓa ƙidaya uwarsa. Magana ta yi zafi, suka shaƙe juna. Ta ruga wurin taron mata ta faɗa musu. Nan da nan aka aika da ganyen kwakwa gari gari, kowace ta karɓa ta miƙa gaba, wannan shi ne kiran gayya.

Mata suka zauna a kan Emeruwa, suka wuce gidan Okugo. Mutanensa suka far musu da duka, aka ji wa waɗansu rauni. Daga nan dubban mata suka nufi ofishin Bende, suka yi zaman dirshan, suna rawa suna waƙa dare da rana. Mata uku suka yi musu jagora, Ikonnia da Nwannedia da Nwugo, masu iya magana da sanyin kai, waɗanda suka hana abin ya zama ɓarna. Suka sami takarda a rubuce cewa ba za a sa wa mata haraji ba. Aka gurfanar da Okugo, aka ɗaure shi shekara 2, aka miƙa wa mata hularsa. A Oloko da Bende, inda aka saurare su, hukuma ba ta harba ko harsashi ɗaya ba.

WATAN DISAMBA

Labarin hular Okugo ya bazu. Matan kowace ƙasa suka ce su ma a ba su hular nasu azzalumin. Abin ya mamaye lardunan Owerri da Kalaba, ƙasa mai faɗin fiye da mil 6,000 murabba'i, mai mutum wajen miliyan 2. Suka nufi kotunan gargajiya, suka rushe ko suka ƙone wajen 10, suka lalata waɗansu, a wurare kuma suka buɗe gidan yari suka saki fursunoni. A ganinsu ɗakin azzalumi su ke yaye wa jinka kamar yadda aka saba, sai dai wannan karon ɗakin na Gwamnati ne.

A garin Aba motar wani likita Bature ta banke mata biyu a cikin taro suka mutu. Ran mata ya ɓaci, suka auka wa kantunan Turawa da bankin Barclays, aka kwashi kaya. Wannan rana guda ita ce ta ba abin duka suna a takarda, ko da ya ke ba a Aba ya fara ba, ba a nan kuma aka fi zubar da jini ba.

Jinin a ƙasar Ibibiyo da bakin teku ya zuba. Aka yi harbi a Abak. A Utu Etim Ekpo soja suka buɗe wa mata wuta har da bindiga mai ruwa, 18 suka mutu. Ran 16 ga Disamba mata suka taru a ofishin Di'o na Opobo, a wurin da a ke kira Egwanga, watau Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom a yau. Suka kawo bukatunsu, suka ce a rubuta, a buga da tafireta, a sa hatimin ofis. A ciki akwai kada a sa wa mata haraji, kada a ƙidaya kayan ɗaki, kada a karɓi kuɗin rumfar kasuwa. Akwai kuma wata bukata da ta dace da maganarmu: a daina karɓar kuɗin lasin kafin a yi wasa. Ku lura, mata suna tsakiyar rigimar haraji, amma ba su manta da 'yancin dandalinsu ba, domin sun san nan ne bakinsu ya ke.

Ana cikin wannan, taro ya matso jikin shinge, hafsan soja ya ba da umurnin harbi. Fiye da 30 suka mutu, waɗansu da harsashi, waɗansu kuwa sun faɗa kogi garin gudu. Cikin waɗanda suka faɗi akwai shugabar mata Adiaha Edem, mahaifiyar Udo Udoma, yaron da ya girma ya zama Babban Jojin Uganda, ya zauna a Kotun Ƙoli ta Nijeriya, ya kuma shugabanci majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978. Jimlar matan da aka kashe, bisa lissafin hukuma kanta, ta haura 50, masu rauni ma kamar haka. Ba a kashe Bature ko soja ko ɗan sanda ko guda ba. Bayan haka aka bi garuruwa da tarar gayya, aka ƙone gidaje.

ABIN DA TAKARDA TA CE

A farkon 1930, zamanin Gwamna Sir Graeme Thomson, aka naɗa ma'aikata biyu su bincika harbin, suka wanke masu harbi. Mutanen Ikko suka yi ca, sai aka kafa kwamiti na biyu a ƙarƙashin Babban Joji Donald Kingdon, da lauyoyi biyu 'yan ƙasa a ciki, Sir Kitoye Ajasa da Eric Moore. Kwamitin ya saurari shaidu 485, mata a cikinsu 103 ne. Ya soki waɗansu daga cikin harbe-harben, ya kuma nuna ɓarnar da ke cikin kotunan gargajiya. Gwamna Sir Donald Cameron ya zo a 1931, a 1933 aka yi sababbin dokokin En'e da na kotuna, tsarin sarakunan takarda ya faɗi. Aka sa Di'o-Di'o su rubuta rahoto a kan kowace zuriya, aka kuma taimaka wa masu binciken al'adu, har da Sylvia Leith-Ross, wadda ta fara zaman Nijeriya a Zungeru, ta rubuta littafi a kan matan Ibo a 1939.

Duk da haka suna bai sake ba. Kalmar tarzoma tana ɗauke da hukunci a cikinta. Tana nufin taron da ba shi da kai, ba shi da shugaba, ba shi da manufa, wanda maganinsa ɗan sanda ne. Sa sunan Aba ya mai da abin da ya game larduna biyu kamar rigimar gari guda. Ba a kuma ambaci mata a cikin sunan ba sam. Ma'aikata da yawa sun tsaya a kan cewa lalle akwai maza a ɓoye da ke zuga su, domin ba su yarda mace za ta iya shirya irin wannan ba. Shigar ganye da toka, wadda kowane yaron ƙauye ya san ma'anarta, aka rubuta ta a matsayin alamar hauka. Gyaran 1933 ma dattawa maza ya mayar kan kujera. In ban da 'yan wurare da aka sa mace a kotu, taron mata bai sami gurbi ba, zama a kan mutum kuwa ya koma laifi a idon doka. Sun ci yaƙin, aka raba ganima ba da su ba.

Gaskiya dai ita ce, kada mu zalunci takarda ita ma. Mata sun fasa kantuna, sun ƙone kotuna, Turawan da ke tsaye gaban dubban mutane kuwa tsoronsu na gaske ne. Kuma ba domin magatakardan kwamitin Kingdon sun zauna sun rubuta shaida kalma kalma ba, da yau ba mu da maganar Nwanyeruwa da ta Ikonnia, ko da ya ke ta bakin tafinta ta biyo ta koma Turanci. Waƙa ba ta riƙe kwanan wata, ba ta riƙe adadi, tana kuma sauyawa daga baki zuwa baki. Fayil ya riƙe ranar da lissafin gawa. Rawa ta riƙe dalili da suna. Mai neman gaskiya sai ya haɗa su biyu.

INDA LABARIN YA ƁUYA

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shekaru da yawa littattafan makaranta suna cewa tarzoma, tsofaffin mata a ƙauyuka suna cewa yaƙi, suna kuma lissafa shekarun haihuwa da na aure daga shekarar Yaƙin Mata. Babbar shaidar cewa ba a manta ba ita ce an ci gaba da yi. A 1938 an sake boren haraji a wajen Okigwi da Bende. A 1958, da Gwamnatin Jihar Gabas ta mai da kuɗin makaranta bayan ta fara ilmi kyauta a 1957, mata suka sake fitowa da ganye da waƙa, wannan karon a kan Gwamnatin 'yan ƙasa. Wanda ya koyi rawar ya koyi tarihin, ya kuma koyi yadda a ke amfani da shi.

A ƙasar Yarabawa ma an ga irin wannan. A 1947 da 1948 matan Abeokuta, a ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, suka kwana a ƙofar fadar Alake Ademola suna rera masa waƙoƙin zambo a kan harajin mata. Da aka hana su iznin zanga-zanga sai suka ce biki su ke yi. A Janairu 1949 Alake ya sauka daga gado, ko da ya ke ya komo daga baya. Wole Soyinka, wanda ya ga abin yana yaro, ya ba da labarinsa a littafinsa Ake na 1981.

Sannu a hankali masana suka bi sawun tsofaffin. Adiele Afigbo ya fitar da littafinsa a kan sarakunan takarda a 1972. A shekarar nan kuma Judith Van Allen ta bayyana ma'anar zama a kan mutum, daga baya ta yi rubutu musamman a kan sunayen nan biyu. Nina Mba ta rubuta tarihin gwagwarmayar matan Kudu a 1982. A 1992 Obinkaram Echewa ya fitar da ƙagaggen labari inda wata tsohuwa ke ba jikanta labarin yaƙin a daren da zai tafi karatu ƙasar waje. A Ikot Abasi an gina abin tunawa da matan da suka faɗi. Yau yawancin littattafan masana Yaƙin Mata su ke cewa. Sunan da aka raɗa a dandali ya kori wanda aka buga da tafireta, amma sai da ya yi shekara 40 da ɗoriya yana jira.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ga malamin ofis, darasin a fili ya ke. Kyaftin Cook bai yi nufin sa wa mata haraji ba, Emeruwa kuwa aike aka yi masa. Amma an taɓa ƙidaya mutane ba a gaya musu gaskiya ba, sabo da haka rantsuwar hukuma ba ta sāke sayuwa ba. Duk wanda za shi ƙauye da littafin rajista, ko na ƙidaya ne, ko na rigakafi, ko na ɗaukar yara makaranta, ya fara faɗin dalili a gaban jama'a, maza da mata, ya kuma faɗi gaskiya. In ya zauna rubuta rahoto ya auna kalmominsa. Tsakanin "taro" da "'yan tarzoma", tsakanin "sun kawo kuka" da "sun ta da fitina", akwai ran mutane. Kalmar da akawu ya zaɓa da hantsi cikin gaggawa, ita jikoki za su haddace.

Ga malamin makaranta kuma, an cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka yi bikin mai da shi a 2022. In ka zo wannan babi, rubuta sunayen biyu a kan allo, ka tambayi yara wa ya raɗa kowanne, me kuma kowane suna ya ɓoye. Yaron da ya iya amsa wannan ya fara sanin tarihi.

Sa'an nan mu waiwayi gida. Matan ƙasar Hausa su ma suna da nasu kundin: waƙoƙin niƙa da na daka, da na raino, da na gaɗa a dandali, da kiɗan ƙwarya na amada irin wanda Barmani Choge ta shahara da shi har rasuwarta a 2013. A cikinsu akwai labarin yunwa, da na haraji, da na kishi, da na tafiyar maza ci-rani, abubuwan da ba su shiga tarihin sarakuna ba. Da Mary Smith ba ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950 ta rubuta abin da ta faɗa ba, da an binne labarin harin bayi da zuwan Turawa kamar yadda macen ƙauyen Zazzau ta gan su. Irin Baba suna nan a kowace unguwa, kullum kuwa raguwa su ke yi.

Shawarata ga kwalejojin horon malamai ita ce, kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya zauna gaban kakarsa ko wata gwaggo da ladabi, ya roƙi waƙa guda. Ya rubuta ta yadda aka rera, kada ya gyara mata Hausa. Ya rubuta sunan garin, da lokacin da a ke yin ta, da yadda a ke taka rawarta, da abin da tsohuwar ta ce ya sa aka yi ta. In da hali ya ɗauki muryar, bayan ya nemi izni. Kwaleji ta tara waɗannan a ɗakin karatu, a ajiye su kusa da littattafan tarihi, a riƙa gwama su da abin da ke cikin tsofaffin fayilolin lardi. Ba a fafe gora ranar tafiya, aikin nan na bana ne.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon rubuta gaskiya da koyar da ita. Amin.